Yadda Mahaifina Ya Zaunar da Ni a Benci

Ni ne na fi kowa gudu a makarantarmu ta sakandare a Rano, kuma ba na jin nauyin faɗa, don ko waɗanda ba ma shiri da su sun yarda da haka. Shi ya sa da malamin wasanninmu ya dawo daga wani kwas a Kano da ƙwallo mai siffar gwanda, ya ce sunan wasan zari-ruga, na ce to, an kawo nawa. Ka zara ka ruga, me ya fi wannan sauƙi? Abin da ya ba mu wuya kawai shi ne dokar da ta hana a jefa wa ɗan'uwa ƙwallo gaba, sai baya. Wata guda muka yi muna yi wa dokar tsiya kafin hannunmu ya saba.

A shekara ta biyu aka gayyace mu gasar makarantu a Kano. Mutum bakwai ke shiga fili, mu kuwa goma sha biyu ne, kowa yana ganin ya isa. Ni ko a jikina. Har takalmi na aro, ina goge shi kullum.

Malamin wasannin ne ya shiga damuwa. Ya taɓa zuwa kallon gasar, ya ga yadda yara masu kyau a atisaye suke zama wasu daban da zarar 'yan kallo sun fara ihu. Ya rasa yadda zai gane masu irin wannan hali a cikinmu, tunda a filinmu ba mai kallonmu sai awakin unguwa. Sai ya hau babur ranar wata Alhamis bayan la'asar, ya zo gidanmu a Rurum Tsohon Gari. Mahaifina malamin allo ne, shi kansa malamin wasannin a gabansa ya yi karatu, haka ma biyar daga cikinmu.

Na shimfiɗa tabarma a zaure, na kawo ruwa, zan fita. Mahaifina ya ce in zauna. Ba ya maganar mutum a bayan idonsa.

"Allah gafarta Malam," in ji malamin wasannin, "yaran nan ka san su tun suna ƙanana. Wa zai iya tsayuwa idan ido ya yi yawa?"

Mahaifina bai taɓa ganin zari-ruga ba, ya kuma faɗa. Ya ce abin da ya sani kawai shi ne hadda. Idan yaro yana kawo masa karatu da ka ya yi kuskure, ba ya duka, ba ya tsawa, gyaran murya kawai yake yi. A nan yake sanin kowa. Wani in ya ji sai ya daskare, wani ya fara waige-waige yana neman mai tuna masa. Wani kuwa sai ya koma farkon ayar ya sake ɗaukowa, muryarsa ba ta canja ba.

Ya fara da wani yaro ɗan garin Fammar da ke zaune a gidanmu saboda makaranta, gajere mai jiki, wanda in muna tsere nakan tsaya in jira shi don tsokana. Ya ce, "Wancan ko sau goma na yi masa gyaran murya, sau goma zai koma ya gyara. Ka sa shi."

Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune ina jiran yabona, har na fara sunkuyar da kai irin na masu kunya.

"Shi kuwa wannan na wajena," ya ce, bai ko dube ni ba, "ya fi su duka kai. Amma daga ya ji gyaran murya sai ya ƙara sauri, ya haɗiye rabin aya, ya faɗa wata surar. In babban wasa ne, ka bar shi ya fara kallo."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne ban ga inda zan ƙaryata shi ba. Kwana uku ina gaishe shi a tsaitsaye. Ɗan Fammar, bawan Allah, ya riƙa kauce mini kamar shi ya yi laifin.

Muka tafi Kano. Da na ga filin da jama'ar da ke kewaye da shi, sai na daina cika baki. A wasan farko, da yake abokan karawar ba su da ƙarfi, malamin ya tausaya ya sa ni bayan hutun rabin lokaci. Sau biyu ƙwallo ta zo mini, gabana fili fetal ba kowa, sau biyu na fara gudu kafin in riƙe ta, ta suɓuce. Na ji wani daga cikin 'yan kallo yana cewa a ba ni kwando.

Wasannin da suka biyo baya a benci na kalle su, kuma gaskiya a ƙasan raina daɗi na ji. A ɗaya daga cikinsu ɗan Fammar ma ya yar da ƙwallo, har aka ci mu a dalilinsa. Ya tashi ya karkaɗe wando, ya koma wurinsa kamar ba a yi komai ba. Can kusa da tashi shi ne ya ture mutum biyu da kafaɗa, ya dire ƙwallo bayan layi, ya ci mana maki. Na yi ihu har muryata ta dishe. Ba mu ɗauko kofi ba, amma mun kai inda ba wanda ya zata.

Washegari da hantsi na sami mahaifina shi kaɗai a zaure yana fiƙe alƙalami. Na durƙusa na gaishe shi sosai. Ya tambayi hanya, ya tambayi wasa, na faɗa masa komai, har da maganar kwando. Na zaci zai ce ai ya faɗa.

Sai ya ajiye wuƙar, ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce lokacin da ya dawo daga karatu a gabas, yana saurayi, ana ta zancen haddarsa a gari, liman ya kwanta rashin lafiya ranar wata Juma'a, aka tura shi gaba. Ya karanta Fatiha lafiya. Da ya zo sura, surar da ya haddace tun yana ɗan shekara bakwai, sai ta ɓace masa ɗungurungum. Sai da wani tsoho a sahun baya ya tuna masa.

"Tun daga ranar ban sake jan jama'a salla ba, in ba ɗalibaina ba," ya ce. "Da an sami wanda ya san ni ya ce a bar ni a sahu tukuna, da na gode masa. A wurina ka ɗauko abin nan, shi ya sa na gane shi."

Mutumin da nake ganin ba abin da ke girgiza shi, ga shi yana kallon tabarma. Tausayinsa da ƙaunarsa suka cika ni, har na ji kunyar fushin da na yi.

"Baɗi in an sake kiran ku, za ka koma?" ya tambaye ni.

Na ce, "Zan koma, Baba."

Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da fiƙa. "To ka fi ni," in ji shi.