Irin Kabewar Iya

Jiya jikata ta sa ni gaba sai na yi mata taliyar kabewa, wai ta ji ubanta yana ba da labarinta. Na yi, amma ban murza rabin ƙullun ba kafaɗata ta riƙe, na jingina da bango ina mayar da numfashi. Da can ina ganin aikin nan wasa ne. Iya, kakata ta wajen uba, ta fi ni shekaru lokacin da take yinsa, kuma hannunta na murzawa bakinta na zuba mana tatsuniya.

A Kawo muke a lokacin, cikin shekarun saba'in da 'yan kai, a wani gidan haya da ke bayan tasha. Baba akawu ne a ofishin gwamnati. Kullum da sassafe ya bi bas zuwa cikin gari, ya dawo da yamma ko amsa sannu da zuwa sai da ƙyar. Inna kuma ga goyo ga ciki, ga layin famfo. Gidanmu gidan gajiyayyu ne, ba mai zaginka, ba kuma mai lokacinka. Ina 'yar shekara bakwai, ba na jin an taɓa tambayata abin da ke raina kafin zuwan Iya.

Fari ne ya kawo ta. Ya cinye ƙauyensu a ƙasar Katsina, kakanmu kuma ya rasu a shekarar, sai Baba ya je ya ɗauko ta. Ta sauka daga mota da tabarma da buta da wani ƙullin tsumma a bakin zanenta. 'Ya'yan kabewa ne a ciki, ba su cika tafin hannu ba. A cikin yunwar nan mutanen garinsu sun soye irin da suka ajiye sun ci, ita ta hana cikinta nata.

"Wannan ba irin ta kasuwa ba ce, Uwata," in ji ta. "Tun kakar kakata ake shuka ta bayan ɗakinmu. In ta ɓace a hannuna, mi zan ce?"

Uwata take ce mini, saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini. A bayanta nake kwana, a kwanonta nake ci, kuma in na yi laifi a bayan zanenta nake ɓuya. Ta kan ce ta haifi uwa mai ƙiriniya da tsufanta.

Daminar farko ta shuka rabin irin a bayan kicin, awakin maƙwabta suka cinye yaɗon tun bai yi fure ba. Ta biyu ta shuka sauran gaba ɗaya, ta kewaye wurin da ƙaya. Yaɗon ya hau rufin kwano ya baje, ya yi furen da ya yi, amma ɗa ɗaya tal ya riƙe. Kullum da safe sai ta fito ta ɗaga kai ta dube shi kafin ta gaisa da kowa.

Kafin nan da kabewar kasuwa take mana taliya duk lokacin kaka, tana yi tana kushe ta. Sai ta fere ta, ta dafa har ta yi lugub, ta dame ta da muciya ta bar ta ta huce. Ta zuba garin alkama da ɗan gishiri, ba ta sa ruwa ko ɗigo, wai ruwan jikin kabewar ya isa. Ta yi ta cuɗawa har ƙullun ya daina kama hannu. Bayan magariba mu yaran gidan mu kewaye murhu, kowa da faranti a kife a cinya. A gutsuro, a murza da tafin hannu har ya yi tsawo siriri, a rataya a karan da ta gitta tsakanin turmi da kujera. Washegari a dafa, a zuba man gyaɗa da yaji da albasa. Nawa kullum gajeru ne masu ƙaton ciki, Iya ta ce su ne rabon Baba tun da shi ya haife ni.

Tana da doka guda: ba ta tatsuniya da hannu a zaune. Takan fara da cewa, "Hannu ya kama aiki, kunne ya kama magana." Mu ce, "Mun kama, Iya." Tsawon labari kuwa tsawon ƙullu ne. In ya ƙare, ko ana tsakiyar gudu da kura, sai ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ƙullu ya ƙare, bakina ya rufe." Mun sha murzawa a hankali don mu ja labari, ita kuma ta sha gane mu.

Wadda na fi so ita ce ta matar da ta yi nisa da gida. Wai wata mata ce za ta bi mijinta fatauci can bayan koguna bakwai. Ranar tafiya uwarta ta damƙa mata ƙwayar kabewa ɗaya, ta ce duk inda kuka sauka ki shuka, yaɗonta gida zai nufo, ranar da kika so dawowa sai ki bi shi. Ta shuka. Yaɗo ya fita ta ƙofa, ya kama hanya, ya ɓace a daji. Kowace shekara ta ce bana za ta bi shi, kowace shekara wani abu ya tare ta: bana haihuwa, baɗi ciwon miji, wata shekarar rufin ɗaki ya faɗi. Har gashinta ya yi fari. Rannan dai ta ajiye muciya, ta kama yaɗo da hannu, ta yi ta bi. Inda yunwa ta kama ta, ta tarar ya yi mata ɗa a bakin hanya. Inda kogi ya tare ta, ya yi kauri ta taka ta haye. Ran kwana na bakwai ta hango garinsu, ga uwarta tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar ruwa, tana cewa, kin daɗe, shigo ki sha.

Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, kuma kullum haka yake ƙarewa. In ta zo wajen ƙwaryar ruwan sai muryarta ta yi ƙasa, ta daɗe tana murza sili ɗaya.

A kakar da kabewarta ta nuna, wani mai kawo awaki tasha ya zo gaishe ta, ya ce an yi ruwa a gida bana, gero ya yi, waɗanda suka watse sun fara komawa. Da yamma ina tsakar gida na ji ta da Baba.

"In iri ya bushe zan tahi gida," ta ce.

"Iya, wa za ki tarar? Ɗakin ma an ce ya zube."

"A tada shi. Ni dai ba ni komawa hannu rabbana. Da irin nan na fito, da shi zan koma, in raba ma kowane gida."

Baba ya shafa fuska da hannu biyu. Bai da ƙarfin gardama, kuma ba a gardama da Iya. Ya ce, "Allah ya kai mu." Ni kuwa abu ɗaya kunnena ya riƙe: da iri za ta tafi, ba ta tafiya sai da shi.

Ranar da aka sauko da kabewar, Iya da kanta ta fasa ta. Cikinta ja wur, ƙamshinta har ƙofar gida. Ta kwashe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta murje su da toka saboda ƙwari, ta shanya a faifai a kan rufi. Naman kuma ta dafa ta kwaɓa ƙullu, ta ce yau za mu san abin da ake kira taliya. Tana aiki tana 'yar waƙa a maƙogwaro, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ni duk yinin ban iya cin komai ba.

Da rana ta faɗi ta sa aka sauko da faifan don kada raɓa ta taɓa shi, ta ajiye kusa da murhu, ta shiga ɗaki sallar magariba. Baba yana masallaci, Inna tana lallashin jariri, sauran yara ba su fito ba tukuna. Ban tsaya tunani ba, don tun safe na gama shi. Na ɗauki faifan na juye cikin garwashi, na tura da itace. Suka fara fashewa, fat, fat, ƙamshin suya ya cika gidan.

Iya ta fito da carbi a hannu. Ta tsaya, ta ja hanci. Ta dubi wuta, ta dubi faifan da ke hannuna, don ko ajiye shi ban yi ba. Ta durƙusa ta tona garwashin da tsinke, ta zaro ƙwaya biyu, ta murza su a yatsa suka zama gawayi. Inna ta leƙo da salati tana tambayar wa ya yi wannan aiki.

"Ni ce," in ji Iya. "Na ture shi da ƙafa. Ido ya tahi, ba ni gani da magariba."

Ta karɓi faifan daga hannuna ta jingine shi a bango. Ban taɓa ganin mutum ya zauna yadda ta zauna a kujerar nan ba, a hankali, tana dafa gwiwa, kamar wadda ta sauke itace daga daji. Ta jawo ƙwaryar ƙullu. Yara suka taru. Ta ce hannu ya kama aiki, suka amsa.

Labarin matar nan ta ɗauko. Komai ya tafi yadda muka saba, haihuwa, ciwon miji, farin gashi, kogi. Amma ran kwana na bakwai, da matar ta iso garinsu, sai ba ta tarar da kowa ba, kangaye ne da ciyawa. Ta duba, yaɗon bai tsaya nan ba, ya kewaye garin ya juya. Ta ci gaba da binsa wasu kwana bakwai, ƙafa duk ta kumbura, har ya kai ta wata ƙofa. Ta ɗaga kai, ashe ƙofar da ta baro ce. Ga 'yar autarta, wadda ta sa wa sunan uwarta, tsaye tana kuka.

Wata yarinya ta ce, "Iya, ba haka yake ba. Ina ƙwaryar ruwan?"

"Yau haka shike," ta ce. "Yarinya ce, ba ta san a kawo ruwa ba. Matar ta shiga ta ɗebo da kanta."

Ƙullu bai ƙare ba, saura kusan rabi, amma ta kakkaɓe hannu ta ce ta gaji, Inna ta ƙarasa. Shi ne karo ɗaya da labari ya riga ƙullu ƙarewa. Washegari aka dafa taliyar, kowa ya yi ta santi, Baba har ya nemi ƙari. Iya ta ci loma biyu ta tura mini kwanon. Na cinye. Ina faɗin wannan da kunya: na cinye, kuma raina fes, don na san ba za ta tafi ba.

Ba ta tafi ɗin ba. Ba ta sake tada maganar gida ba, ba ta sake shuka komai a bayan kicin ba. Ta yi shekara huɗu tare da mu, ta ci gaba da ce mini Uwata, ta koya mini murza taliya har hannuna ya faɗa. Ko sau ɗaya ba ta tambaye ni ba, ni ma ko sau ɗaya ban faɗa ba. A Kawo ta rasu, a nan aka binne ta, cikin mutanen da ba su san sunan garinsu ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin daren nan shi ne gida yana inda ake son ka. Na girma da wannan, har na sha faɗa wa wasu da ƙarfin gwiwa, don ya yi mini daɗi. Sai da na tsufa, 'ya'yana suka kwashe ni daga ɗakina suka ajiye ni a nasu don suna sona, sannan na fara jin labarin da wani kunne. Matar nan ba murna ta yi da ta ga ƙofar ba. Kwana goma sha huɗu ta yi tana tafiya, ta dawo inda ta fito, kuma ko ruwa sai da ta ɗebo wa kanta. Iya ta rushe garinsu da bakinta a gaban yara, garin da aka ce mata an fara komawa, don kada 'yar shekara tara ta kwana da nauyin abin da ta yi. Har yau ban sani ba ko yafe mini ta yi a take, ko gajiya ce kawai ta kai ta inda ba ta iya sake fara komai. Ina jin duka biyun ne, kuma ina jin haushin kaina yadda ban lura ba tana da rai.

Na taɓa zuwa ƙauyen bayan na yi aure. Akwai mutane, akwai kabewa a kan dangogi, irin ta kasuwa. Na tambayi tsofaffi wata ja mai ƙamshi, wata tsohuwa ta ce ta tuna ta, tun shekarar fari ba a sake ganinta ba.

Jiya, da na huta kafaɗar ta saki, jikata ta ce in yi mata tatsuniya. Na miƙa mata faranti na ce sai dai da aiki a hannu. Na ba ta labarin matar da yaɗon kabewa. Da muka zo kwana na bakwai ta tsayar da hannu tana kallon bakina, ta ce, "Ta samu mamanta?"

Na ce ta same ta, tana tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar ruwa. Duk wanda na ba labarin nan haka nake ƙare masa shi. Ɗayan ƙarshen nawa ne, ni aka yi wa shi, kuma na san abin da ya ci. Abin da ya rage a hannuna ke nan da zan iya yi wa Iya: duk lokacin da aka kwaɓa ƙullu, sai na kai ta gida.