Waƙafi Biyu a Layin Inna

Ni ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. A Unguwar Lalle wannan ba abin ba da labari ba ne, kunya ce da kowa ya taso ya tarar. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, can na girma. Idan Inna tana son in ɗebo ruwa, sai ta gaya wa ƙanwata, ko ta tsaya kan randa tana cewa ruwa ya ƙare, ni kuwa in ji in ɗauki guga. In ya zama dole ta ambace ni, sai ta ce "wancan". Ƙannena kowa da sunansa, har da na shagwaɓa a kai. Ina yaro abin yana ci mini rai ƙwarai. Da na girma na riƙa cewa na saba, kuma rabin maganar gaskiya ce.

Wancan ɗin dai shi ya yi karatu, ya sami aiki a wani ofishin lafiya a Isa. Aikina shi ne zuba bayanan mutane a cikin rumbun bayanai na kwamfuta. Yaren da ake yi wa rumbun magana da shi SQL ake ce masa, umarnin zubawa kuma INSERT. Tsarinsa ba shi da wuya. Za ka jera gurabe, wato suna, gari, shekaru da sauransu, sannan ka jera abin da zai shiga kowane gurbi, waƙafi yana raba wannan da wancan, baka biyu suna rufe su. Sai dai ban taɓa ganin mai tsantseni irin rumbun nan ba. Ka kawo masa gari guda a jere, in alama ɗaya ta kauce, ko mutum ɗaya ba zai karɓa ba.

A shekarar da nake magana, yanar ido ta rufe idanun Inna. Ta daina iya tsince tsakuwa daga gero, mutane ma da takunsu take gane su. Sai labari ya zo cewa wasu likitocin ido za su sauka a Isa su yi aiki kyauta, amma sai ga wanda sunansa ya shiga rumbun kafin a tashi aiki ranar Alhamis, domin daga Sakkwato suke dubawa su san kayan da za su ɗauko. Ma'aikatanmu suka bi ƙauyuka suna rubuta masu ciwon ido. Na aika gida cewa ko gona za a bari, a tabbata an rubuta Inna, aka ce mini an rubuta.

Ranar Alhamis ɗin da safe bayanai suka cika a teburina. Ina da ɗan shirin kwamfuta da na haɗa da hannuna, wanda yake ɗaukar jadawalin bayanan ya mayar da shi umarni guda dogo, kuma ina ji da shi ba kaɗan ba. Na danna, na jingina da kujera ina jiran a yaba mini. Sai ga jan rubutu.

Abin da rumbun ya ce, da Turancinsa, shi ne akwai kuskure a ginin umarnina, in duba kusa da layi na ɗaya. To, umarnin gaba ɗayansa layi ɗaya ne. Kamar akuyarka ta ɓace ka tambayi mutum, ya kalle ka da kyau ya ce tana cikin Gobir. Ba wanda ya shiga, daga mutanen Isa har na Gangara, har Inna.

Na fara da wuraren da aka saba kama ɓarawo. Na duba sunayen da ke da alamar hamza a tsakiya, waɗanda rumbun kan ɗauka cewa magana ta ƙare a nan, na tarar tuni na yi maganinsu. Na ƙirga baka, kowace da 'yar uwarta. Na duba ko na bar waƙafi yana reto a ƙarshe, babu. Na sake karanta sunayen guraben harafi harafi. Na danna, jan rubutun ya dawo ko gaisuwa babu.

Shugaban sashenmu, dattijo ne da bai yarda da kwamfuta ba tun ranar da aka kawo ta, ya zo ya tsaya a kaina da shawarwari. Ya ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna. Ya ce ko zafi ta ji, aka juyo mata da fanka, ni aka bar ni da gumi. Daga nan ya tuna wa duk ofishin cewa a tsawon aikinsa takarda ba ta taɓa nuna masa jan rubutu ba. Ni mutum ne mai saurin fushi, amma na haɗiye, domin ba shi nake tsoro ba, agogo nake tsoro. In aka tashi aiki ban zuba ba, Inna za ta ci gaba da lalube, kuma ɗanta mai aikin kwamfuta ne ya jawo.

Bayan azahar na bar wayo na koma dabarar gida. Idan ƙwari suka shiga wake, Inna ba ta zubar da shi duka, rarraba shi take yi ta ga inda ɓarnar take. Na raba umarnin gari gari. Isa ta shige. Gangara ta shige, sauran ƙauyuka suka bi baya. Unguwar Lalle ta ƙi. Na ce ai ko rumbu ya san taurin kanmu. Na raba ta biyu, rabi ya wuce, rabi ya tsaya. Na ci gaba da rabawa har ya rage layin mutum ɗaya.

Mai neman irin wannan kuskure ba ya karanta sunaye, alamomi kawai yake bi da ido. Can kusa da ƙarshen layin na hango waƙafi biyu manne da juna, babu komai a tsakaninsu. An bar gurbi fayau a jadawalin, shirin nawa kuma da bai sami abin ɗauka ba sai ya tsallake, rumbun ya rasa me ake nufi. Na yi hamdala, sannan na koma farkon layin in ga wane ne ya wahalar da ni haka. Sunan Inna ne. Gurbin da ba kowa kuwa shi ne na sunan wanda zai tsaya wa majinyaci a asibiti.

Na kira ma'aikaciyar da ta zagaya garinmu, wata baƙuwa da ba ta daɗe da fara aiki ba, na hau ta da faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce ta tarar da tsohuwar ita kaɗai a gida, kowa yana gona. Ta tambaye ta wa zai tsaya mata, ta ce ɗanta babba. Ta tambayi sunansa, tsohuwar ta ja mayafi ta rufe baki.

"Wallahi har na gaji da roƙo, ta ƙiya," in ji ta. "Cewa ta yi, shina nan Isa, wurinku shika aiki, ku tambaye shi, ai ya san sunanai."

Ta ce ta bar wurin da niyyar in ta dawo ofis ta bincika, sai ta manta. Ba ta san da wanda ake nema take magana ba, ni ma ban gaya mata ba. Na ba ta haƙuri na ajiye waya.

Shugaban ya leƙo, ya ga inda na nuna, ya ba ni shawararsa ta farko mai amfani a ranar. Ya ce in sa kalmar nan da muke sawa a gurbin da ba kowa, in aika mu huta. Yana nufin NULL, kuma gaskiyarsa ce, da na sa da ya shige. Amma ma'anarta ita ce ba a san kowa ba. Na ji ba zan iya rubuta haka a kan Inna ba, alhali ta faɗi wanda take da shi iyakar yadda bakinta zai iya. Ta yarda ta rasa aikin ido a kan ta kira sunana, kuma duk da haka cikin 'ya'yanta ni ta zaɓa. Haushi ya kama ni, daɗi ma ya kama ni, ban san wanne ya fi yawa ba. Na rubuta sunana tsakanin waƙafi biyun, na danna, ya shige ba gardama. Daga baya na gyara shirin don kada wata uwa mai kunya ta sake tsayar da gari.

An yi wa Inna aiki lafiya. Washegari ina tsaye gefen gado ma'aikaciyar jinya ta cire mata auduga, ta ce ta faɗi abin da take gani. Inna ta ce tana ganin ƙofa, tana ganin buta, har ta ga fankar da ba ta juyawa. Ma'aikaciyar ta kamo hannuna ta jawo ni gabanta.

"To Inna, wannan fa? Wane ne?"

Na tsaya ina jira kamar yaro, ko da yake na san amsar. Inna ta kalle ni tun daga hula har takalmi, kallon da ba ta taɓa yi mini ba ko lokacin da idanunta suke garau. Sannan ta juyar da fuska wajen bango.

"Ina ganinai," ta ce. "Ya rame. A ce mishi shi riƙa cin abinci."