Hulunan da Na Yanka Daga Likkafanina

Ni ba 'yar birnin Zariya ba ce. Gudu ya kawo ni. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyenmu da hantsi, ranar kasuwa, suka kashe mijina da 'ya'yana maza biyu. Da suka tafi aka haƙa rami guda, aka jera su da sauran mutane, kowa da tufafin da ya mutu a ciki. Autana da rigar ƙwallo aka rufe shi. Liman ya ce shahidai ne, ba sa bukatar likkafani. Na ji, ban musa ba. Amma ni na ga ƙasa tana zuba a fuskarsa, babu komai a tsakani.

Da na iso birni, wata Hajiya a wani lungu kusa da Ƙofar Doka ta ba ni ɗaki a gidanta, ina yi mata surfe da wanke-wanke. A nan na koyi ɗinkin hula, don kusan duk matan lungun sana'arsu ke nan. Abin da na fara saya da gumina ba katifa ba ce, ba tukunya ba. Likkafani na saya. Farin yadi cikakke, na mace, da ƙullin kafur, da kwalbar turaren da ake yayyafa wa mamaci. Na ninke, na sa a ƙasan akwati. Ba ni da wanda zai saya mini in na mutu. Duk ranar da zuciyata ta tashi, sai in buɗe akwatin in dafa shi, in ji sanyi. Ko ba komai ni za a rufe mini fuska.

Na yi shekaru a haka. Sai wata damina, lokacin da hatsi ya yi tsada sabo bai nuna ba, aka ce wasu 'yan gudun hijira sun sauka a wani kango a gindin dutsen Kufena. Na je. Gini ne da mai shi ya kai rabi ya bari, ba ƙofa, ba taga, rufi a gefe ɗaya kawai. Mutane a kwance a kan buhuna. Ganyen tafasa suke dafawa da gishiri, wani lokaci da dusa in an samu. Ban yi kuka ba. Na san wurin, na taɓa kwana a irinsa.

A kusurwa na ga wata yarinya mai jego, ta jingina da bango, jaririya a cinyarta. A hanya ta haihu, mijin bai fito daga garin ba. Na tsuguna na ce ta nuna mini nonon. Ta matsa. Babu ko ɗigo.

"Yaushe rabonki da tuwo?"

"Iya, na manta."

Jaririyar tana tsotso, ta saki, ta sake kamawa. Ba ta kuka. Jaririn da ke tsala kuka da sauransa. Wanda ya yi shiru nake tsoro.

Na koma na gaya wa Hajiya. Ta tara matan lungu a tsakar gidanta, aka yi shawara kowacce ta ba da hannunta: mu ɗinka huluna, a sayar, a auno hatsi a kai Kufena. Aka yi haka karo na farko, aka yi na biyu. Bakuna sun yi yawa, abin da muka kai ya ɓace kamar an zuba ruwa a rairayi. Kuma mun yi abin da mai sana'a ba ya yi: mun auno hatsi da kuɗin gaba ɗaya, har da na sayen yadi. Wa zai riƙe kuɗin yadi bayan ya ga waɗannan yara? Ranar da muka sake zama, ga zare, ga allurai, ga hannuwa, babu yadi. Mai gidan Hajiya ɗan fansho ne, fansho bai zo ba. Sauran matan su ma sau ɗaya suke ɗora tukunya.

Na tashi na shiga ɗaki. Na jima a tsaye a gaban akwatin. Na fito da shi na shimfiɗa a tabarma.

Hajiya ta gane shi nan take. Ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Iya, mayar da abin nan inda kika ɗauko shi."

"Yadi ne. Miƙo almakashi."

Surukar Hajiya, matar babban ɗanta, mai bakin tsiya ce, ba ta barin magana ta wuce. Ta ce, "To Iya, in Mala'ikan mutuwa ya yi sallama gobe fa, me za mu ce masa?"

"Ku ce ya dawo bayan kaka."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Babu wadda ta yarda ta sa almakashi. Ni na yanka. Ƙarar yankan farko har cikin haƙorana na ji ta. Na bar ƙyalle guda, mai ɗan tsawo, wanda ake rufe wa mace kai da fuska, na mayar akwati. Wannan kam nawa ne.

Ba mu yi kube ba. Kube tana cin makonni, jaririyar nan ba ta da makonni. Farar hula muka yi, mai ƙananan huji-huji, irin wadda tsofaffi ke sawa zuwa masallaci. Muka duƙa daga an idar da asuba har hasken rana ya ƙare. Idanuna sun riga sun yi rauni, surukar Hajiya ke zura mini zare. Yatsana ya tsage, na ɗaure shi da tsumma don kada jini ya taɓa farin. A tsakani nakan saci jiki in kai wa mai jegon ɗan abin da na rage daga kwanona. Bai isa ya kawo nono ba. Wuyan jaririyar ya zama kamar kara, maɗigarta ta faɗa ciki.

Akwai abin da ban lura da shi ba. Kwalbar turaren nan ta daɗe da tsiyayewa a cikin akwati, yadin ya sha ya ƙoshi, ga kafur. Ni hancina ya saba. Hajiya ta ji, ta sa aka wanke hulunan da sabulu har sau biyu, aka shanya, warin ya kwanta. Aka sa sitati, aka ɗora dutsen guga. Zafi na taɓa su ya taso, sabo fil. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gawa ya san wannan ƙamshi.

Babu lokacin sake wanki. Na ƙulle su a ɗankwali na kai wa Alhajin da ke karɓar hulunanmu a kasuwar birni. Ya ɗauki ɗaya, ya duba ɗinkin, ya gyaɗa kai. Sai ya kai ta hanci. Ya ajiye ta a hankali, ya goge hannunsa a riga.

"Iya, daga ina yadin nan?"

"Daga akwatina."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Likkafanina ne. Ban mutu a ciki ba."

Ya yi salati. Ya ce shi bai ce haramun ne ba, amma mutane mutane ne. Mutum ɗaya ya shinshina, gobe kasuwa ta ɗauka cewa rumfarsa ana sayar da hular gawa, shi ke nan an rufe shi da ransa. Na gaya masa labarin jaririyar. Ya sunkuyar da kai, ya laluba aljihu, ya ba ni abin da zai kai ni gida a Keke. Ya ce Allah ya kawo sauƙi. Ban zage shi ba. Shi ma yana da bakunan da yake ciyarwa.

Ban hau Keke ba. Na taka har Ƙofar Doka, na shimfiɗa ɗankwalin a gefen titi inda masu Keke da 'yan acaɓa ke jiran fasinja, na jera hulunan. Ban taɓa talla ba. Wani ya tsaya, ya gwada, ya shinshina, ya cire da sauri ya wuce. Wani ma haka. Rana ta take. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na tuna maɗigar jaririyar nan. Na ga ɓoyewa ba ta sayar da komai, sai na ɗaga murya.

"Ga hula! Daga likkafanina na yanka! Akwai jaririya a Kufena da yunwa za ta kashe! Mai tsoro ya wuce!"

Aka waiwayo. Wasu suka ja baya. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Iya ta zare." Na ci gaba da faɗa har muryata ta dushe.

Wani tsoho ya ratso da sanda, gemu fari, riga duk faci. Daga baya na ji shi ke wankan gawa a unguwarsu. Ya ɗauki hula ɗaya, ya shaƙa sosai, ya cire tasa ya sa ta, ya daidaita.

"Ni da wannan ƙamshi tsofaffin abokai ne," in ji shi. Ya juya wajen 'yan acaɓa. "Kai, 'yan banza! Ku da kuke tuƙi kamar kabari ya aiko a kira ku, ku ne masu gudun turare? Rabin waɗanda nake wankewa daga kan babur ake kawo mini su."

"Baba, ai kai kasuwarka muke buɗe maka!"

"To ku sayi hular ku saba da warin tun yanzu."

Dariya ta ɓarke. Wanda ya ce na zare shi ya fara miƙo kuɗi, ya ɗora hular a karkace, abokansa suna masa kabbara. Wasu suka saya, wasu suka ba da abin da suka bayar, suka ƙi taɓa hular. Ruwa ya sauko kafin su ƙare. Kusan rabi suka rage, har yau suna nan, babu mai so.

Na auno gero da gyaɗa da kanwa, da ɗan suga, iya abin da kaina zai ɗauka. Na biya gida. Na buɗe akwati na ɗauko ƙyallen da na rage wa fuskata, na soke a ƙugu. Ban gaya wa Hajiya dalili ba, ba ta kuma tambaya ba. Duk mun san abin da zan iya tararwa.

A kangon, da safiyar ranar an fitar da wani dattijo a naɗe cikin tabarma. Mutane suka taso mini kamar za su cinye buhun da ni. Wani mutum da ke musu shugabanci ya ce a raba daidai, kowa ya samu ko loma ce.

"Ka raba rabi," na ce. "Rabin nan na mai jego ne."

"Iya, kowa a nan yunwa yake ji."

"Na sani. Cikinta mutum biyu yake ciyarwa. Wanda ya taɓa wannan, zai taɓa ni."

Wata mata mai yara uku ta kalle ni, kallon da har yau ina gani.   Na zauna a kan rabin buhun.

Jaririyar tana numfashi. Sai ka kai kunne za ka ji. Na daka geron a turmin aro, na dama kunun kanwa, na riƙe wa uwar ƙoƙo. Ta sha ta amayar. Na sake ba ta, kaɗan-kaɗan. Ban koma birni ba, a gefenta na zauna ina dama kunu, na kanwa da na gyaɗa, ina ɗiga wa jaririyar dafaffen ruwa da suga da bakin tsinke. Kullum in ce uwar ta matsa nonon, kullum babu. Ƙyallen yana ƙuguna, ina jin sa duk motsin da na yi. Geron yana raguwa.

Wata safiya uwar ta kira ni da ƙaramar murya. "Iya, dubi." Ɗigo ne, fari-fari, a kan yatsanta. Ta sa wa jaririyar nonon. Ta kama, ta ja, ta saki, sai ta tsage da kuka. Siriri ne kamar na ɗan kyanwa. Ban taɓa jin abin da ya fi shi daɗi ba.

Da ta iya miƙewa, ba ta da abin goyo. Zaninta ɗaya ne, shi ma ya yage. Na zaro ƙyallen na miƙa mata. Ta kai hanci, ta sake shi ya faɗi.

"Iya, wallahi ba zan goya 'yata da likkafani ba."

"Don ita na kawo shi. Ko a bayanki ko a rami. Allah ya zaɓa mata baya. Juya."

Ta yi kuka, ta juya. Na ɗora mata yarinyar, na ja ƙyallen na ɗaure da kyau. Ya zagaye su daidai.

Da yamma na koma birni. A hanya na haɗu da wata motar itace tana sauke sababbin mutane a gindin dutsen, mata da yara, da ƙunshin kaya a ka. Na ƙirga mata masu ciki da ido, na daina. A gida Hajiya ta ce in Allah ya hore za ta saya mini wani likkafanin. Na ce in ta samu kuɗin yadi, ta kawo yadin tsakar gida, akwai zare.

Akwatin yana nan. Wani lokaci ina buɗewa, hannuna ya tafi ƙasa da kansa, ya tarar da katako. Warin ne kawai ya rage.