Sani Abubakar Goma, Kwamfuta Ta Ce Ɗaya Ne

Jama'a, yau na ga gwanin da ya haɗiye mutum tara da kwamfuta!

Kun san ni ke riƙe da rajistar ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a nan Gummi. Shugaba ya raina littafina, ya ɗauko wani mai gilashi daga birni, wai injiniya, ya loda sunayen cikin rumbun bincike na kwamfuta, ta wata hanya wai ita API. Kwana uku yana hura hanci, ko gaisuwata bai amsawa.

To yau rabon iri. Sani Abubakar na Zugu ya zo, aka buga sunanshi, ya fito, ya karɓa. Sai ga wani: "Sani Abubakar, daga Bukkuyum."

Injiniya ya ce, "Malam, ai ka karɓa!"

Mutumin ya ce, "Ni? Yanzu na sauka bisa kabu-kabu!"

Kafin ka ce kwabo, Sani Abubakar tara sun yi layi, kowa da buhu wayam!

Na leƙa allon. Innalillahi! Ashe sunan mutum ya sa a matsayin lambar takardarshi. Duk Sanin da ya tura, sai ya danne na baya.

Na ce, "Injiniya, wane irin aiki na wanga?"

Ko kunya babu, wai laifinmu ne, sunayenmu sun cika kama da juna!

Wani tsoho cikin layin ya ce, "To ɗana, mu koma gida a sake yanka muna rago?"

Yanzu haka da littafina ake rabo. Injiniya shi ke riƙe bakin buhu.