Kukan da Sannu-Sannu Ta Ajiye

A unguwar babu wanda ya damu da sunanta na yanka. Sannu-Sannu ake ce mata, don tun daga bakin ƙofa take fara rabon sannu, har kajin gida sai sun samu nasu. Ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwa, cikin masu bin gida-gida da jaka a kafaɗa, ga abin awon jini, ga sikelin jarirai, ga takalmin da ya san kowace kwata da halinta.

Awon jini bai kai rabin aikinta ba. Sauran duk zama ne a bakin gado ana juye mata kaya: wadda miji ya daina yi wa magana, tsohon da 'ya'ya suka saya wa waya suka manta lambar, mai jegon da ke tsoron taɓa jaririnta. In gwaji ya fito da muni ita ake turawa, wai bakinta ya iya. Tun tana sabuwa babbar nas ta koya mata cewa majinyaci fuska yake karantawa, don haka kuka a gida ake baro shi. To, gidan ma da majinyaci. Innarta ta yi shekaru a kwance, ɓarin jiki a shanye, kuma ta fi kowa iya karatun fuska. Sai Sannu-Sannu ta riƙa ajiye kukan kamar zanen fita a ƙasan akwati, tana cewa ranarsa na zuwa.

Ranar ta zo da hantsi. Aka kira ta a waya tana tsaka da lallashin wata tsohuwa ta haɗiye ƙwaya. Sai da ta ga ƙwayar ta wuce ta tafi gida.

Bayan an kai Inna makwancinta, ta rataye jakar a bayan ƙofa, ta zauna a kusurwa, ta ji abin ya fara tasowa daga ƙirji. Ya kawo maƙogwaro kenan wata maƙwabciya, matar tela, ta durƙusa a gabanta, ta yi gaisuwa mai kyau, sannan ta naɗe hannun riga.

"Anti, tun da na ji rasuwar nan kaina ke sarawa. Tunda ga ki, ɗan duba ni."

Kafin ta amsa, wata mai son taimako ta sauko mata da jakar.

Mutanen kirki ne, ba a raba su da wannan. Kowa ya zo da addu'a a baki da hannun riga a naɗe. Wata ta ce gara a sa ta aiki, zaman shiru ke kawo tunani. Ana cikin haka Yaya ta iso daga nesa, ita da rabonta da ɗakin Inna tun Inna na cin abinci da hannunta. Ta zube a tsakar gida da kururuwa, mata uku suka riƙe ta, ta huɗu ta ƙwala wa Sannu-Sannu kira. Ita ta yi mata fifita, ita ta ba ta ruwa, ita ta ce mata haƙuri.

Da yamma mutane suka ragu. Ta shige ɗakin Inna ta turo ƙofa, ta zauna a kan ledar katifar da ta saba gogewa kowace safiya. Ga cokalin Inna a cikin kofi, ta ɗauko shi. Ta ce wa kukan bismillah, fili ya samu. Shiru. Ta matse ido, ta tuno muryar Inna. Fuskar nan da ta sha horo sai ta gyara kanta, ta yi murmushin bakin gado.

Ta taga ta jiyo Yaya, murya a dashe. "Ko ɗigo ban gani ba. Uwarta fa."

Matar tela ta ce ai aikin asibiti haka yake, busar da zuciya yake yi, gawa a wurinsu kamar buhu ce. Yaya ta ja tsaki, ta ce Allah ya raba mu da irin wannan zuciya. Can kuma ta ɗaga murya.

"Ke, ina kika shige? Zo ki gwada ni, jiri nake ji."

Sannu-Sannu ta mayar da cokalin cikin kofi, ta fito ta ɗauki jakar.

"Sannu, Yaya. Miƙo hannun."