Malam Kwalba da Motar Magani

Sunansa na yanka Mudassiru, amma daga Kura har Bunkure Malam Kwalba ake kiransa. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne, ɗan wani ƙauye a bakin kanal, kuma rabin rayuwarsa ya ƙare yana bin yara da kwalaben fitsari yana neman tsargiya. Sai da bakinsa ya kusa tsagewa kafin mutanen garinsu su yarda cewa jinin da yaro ke fitsarwa ciwo ne, ba alamar balaga ba.

A 2006 aka ɗora masa wani jidalin. Ɗaliban jami'a sababbin shiga bincike za su riƙa zuwa, shi kuma ya koya musu aiki da kwamfutar da aka tara sakamakon gwajin kowa a ciki. Ka ɗebi abin da na gabanka suka zuba, kai ma ka zuba naka. Da abin da ke ciki za a tsara rabon magani ƙauye ƙauye.

Wajen ɗiba kam ba a bar su a baya ba. Wajen zubawa kuwa, sai ka rantse haƙori za a cire musu.

Wanda ya fi cinna masa hawan jini shi ne Musbahu, yaro mai ƙwaƙwalwa da ladabi, ga taurin kai kamar jakin kwasar tumatir. Shi aka ba ƙauyen su Malam. Malam da kansa ya kai shi gida gida, har gaban Gwaggo Baraka, ƙanwar mahaifinsa, wadda jikokinta uku ke wuni a kanal.

"Mun gaji da kwalabenka, ɗan nan," in ji ta.

"Gwaggo, wannan karon magani na tafe. Na ɗaukar miki alkawari."

Musbahu ya gama gwaji, ya kwashe sakamakon a filas, ɗan abin nan na adana bayanan kwamfuta, ya rataya a wuya kamar laya.

"Ka zuba, Musbahu."

"Malam, sai na kare digirina. Wani zai kwashe ya riga ni bugawa."

"Fitsarin naka ne?"

"Wallahi zan zuba, Malam."

Haka suka yi ta yi har aka girbe shinkafa. Malam ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kai ƙara gun malamin yaron, shi ma ya ce ai gaskiyar ɗalibinsa, haka kowa ke yi. Takaici ya ishi Malam har ya daina amsa gaisuwar Musbahu.

Masu tsara rabo ba su san wannan rigima ba. Sun buɗe kwamfuta, ba su ga ƙauyen ba. Ranar kasuwar Bunkure motar magani ta bi ta kan gadar kanal, yara na ɗaga mata hannu daga cikin ruwa, ta wuce abinta.

Da la'asar Malam ya je gida. Ya tarar da Gwaggo tana yankan tumatir za ta shanya. Ya durƙusa ya fara bayani, ta katse shi ba tare da ta ɗago ba.

"Ba sai ka wahalar da bakinka ba, ɗan nan. Likitoci sun duba, sun ga namu lafiyarsu ƙalau. Ashe balaga ce, kamar yadda muka faɗa maka tun farko."

Ta juya ta ce wa jikokin su tafi wankansu.