Yau Keken Ya Zama Namu

Ina tsakar gida ina tankaɗen gari sai na ji ana ta danna hon a ƙofa. Ina leƙawa na ga maigidana, Baban Ummi, cikin keken da yake haya da shi, yana ta dariya.

Bashi muka ɗauki keken nan. Tun daga lokacin na daina yin ankon biki, nama sai ranar Juma'a, abin da ya ragu in zuba adashi. Da na kwasa muka sayi tunkiya a kasuwar Maigatari.

Na ce, “Lafiya, Baban Ummi?”

Ya ce, “Ɗauko mayafinki! Na biya cikon kuɗin, keke ya zama namu!”

“Ba dai tunkiyar ka sayar ba?”

“Tana nan, ko taɓa ta ban yi ba.”

Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Haka ya zaga da ni cikin Gumel, ni kaɗai a baya. Duk fasinjan da ya tsayar da shi sai ya ce, “An cika!”

Alhamdu lillahi. Ku da kuka taɓa sauke bashi, haka kuka ji?